Ƙofar da Aka Auna da Makara

Babana magini ne. In ya gina zaure, kafin ya ɗora azara a kan ƙofa sai ya aika masallaci a ɗauko makara. Mutum huɗu su riƙe ta, su shiga da ita ta ƙofar waje, su juya, su bi ta ƙofar ciki, su komo. In ta gogi bango ko kaɗan, sai ya sa a sassaƙe wurin. Masu gida ba su son ganin haka, wasu har su ɓata rai, wai yana yi musu mugun fata. Shi kuwa cewa yake yi amarya da jaki da buhun gero duk suna iya karkacewa su wuce, gawa ce kaɗai ba ta lanƙwasa. Na tashi ina ganin wannan tun ban fi tsawon turmi ba, kuma bai hana ni yin abin da na yi ba.

Ban gaji gini ba. Ƙasa ba ta taɓa ba ni sha'awa ba. Na bar gida na bi manyan motocin da ke ɗaukar gyaɗa tsakanin Jega da Gusau, shekara shida, a nan na koyi tuƙi da kwance inji. Karatu kuwa ɗan na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Da innata ta rasu na dawo ƙauyenmu kusa da Bagudo, na yi aure, na zauna da tsohon, don hannunsa ya fara rawa, kuma masu hali sun fara neman kwano da siminti, ba mai kiransa aiki.

Shekara guda da watanni kafin a ba da mulkin kai na haura Dahome, wadda yanzu ake ce wa Binin, na kai shinkafa. A bayan wani sito na ga wata mota. Akori-kura ce ƙirar Faransa, ta wani Bature mai sayen kaɗanya da ya tattara ya koma ƙasarsu. An ɗora ta a kan duwatsu, katakon bayanta ya ruɓe, kaji na ƙwai a wurin zaman direba. Na sa ƙarfen murɗawa na juya injin. Ya juya, da ƙyar, amma ya juya. Maigadin siton, wani tsoho daga cikin Dandawa, ya ce in ina so in kwashe masa ita, macizai take tara masa. Na ba shi rago da shinkafa, muka yi musabaha.

Kwana goma sha biyu na yi ina kwance ta. A nan na fara ɓarna ban sani ba. Sifanonina na Ingila ne, notin motar na Faransa, awonsu ba ɗaya ba. Kowace sifana ko ta ƙi shiga, ko ta yi yawa da ɗan kaɗan ta riƙa zamewa. Na sa ƙarfi, na sa guduma, na cinye kusurwar fiye da rabinsu. Na zuba su cikin buhu na ce in na isa gida na san dabara. Sarkawa suka ɗauko mini kayan cikin jirgi, muka gangaro kogin Kwara ta Dole Kaina, sawu uku. Daga bakin ruwa jakuna da takarkarai suka ƙarasa.

Dole in faɗi yadda gidanmu yake, in ba haka ba ba a gane wautata. Gaban gidan gaba ɗaya zaure ne, daga bangon masallacin unguwa a dama har zuwa ɗakunan maƙwabcinmu a hagu. Baba ya gina shi da mahaifinsa tun yana saurayi, da baka biyu masu riƙe rufi a ciki da suka sarƙe a tsakiya, babu irinsa a ƙauyen. A ciki yake wuni, a ciki yake cin abinci. Bayan gida kuwa kududdufi ne, ramin da shi da sauran magina suka shekara arba'in suna ɗibar ƙasa, zurfinsa ya fi tsayin mutum biyu.

Ƙananan kaya duk ta zaure suka shiga. Shasin, wato ƙashin bayan motar, shi ne ya ƙi. Da yake rani ne kududdufin ya bushe, sai na tara mutum goma sha huɗu, suka ɗauke shi a ka yadda ake ɗaukar jinkar ɗaki, suka gangara ramin, suka hau, suka tsallaka da shi ta kan katangar baya. Aka yi ta sowa. Baba yana tsaye a ƙofar ciki da sandarsa.

Ya ce, "Direba." Haka yake kirana in yana son ya taɓa ni. "Wagga aba, ta ina za ta hita?"

Na ce, "Yadda ta shigo, Baba. A yi gayya a ɗauke ta."

Ya ce, "Jinka ce?"

Na ce mota ƙarama ce, mutum talatin sun ishe ta. Ya dube ni, ya dubi ƙarfen, ya koma zaure. Bai sake tambaya ba. Ni kuma da gaske nake. A garinmu ba abin da na taɓa gani ya gagari gayya, rumbu ma sukutum ana ɗauka a sauya masa wuri.

Na fi shekara a kanta. Da safe gona, da rana mota. Na wanke cikin injin da kananzir, na goge tsatsa da yashi da ɓawon kwakwar giginya. Abin da ya yage na roba, badukun garin ya yanko mini na fata. Kafinta ya yi sabon bodi da katakon maɗaci. Tayoyi biyu na samo a Kamba, ba su yi daidai da sauran ba amma sun zauna. Sitiyarinta a hagu yake, ba kamar motocin da aka sani ba, shi ya sa mutane suka sa mata suna Bahaguwa.

Baba bai so aikin ba, amma bai iya ganin aiki a karkace ya yi shiru. Ranar da zan ɗora inji na rasa abin ratayawa, washegari na dawo daga gona na tarar ya sa an kwaɓa ƙasa, ya ta da ginshiƙai biyu da hannunsa mai rawa, ya gitta azara uku a sama. Da suka bushe muka rataya injin da igiyar rijiya. Shi ne kuma ya ɗora ƙwaryar ruwa a kan shasin, ya tsuguna ya dubi bakin ruwan, ya ce gefen hagu ya yi ƙasa da yatsa biyu. Na musa. Na auna. Yatsa biyu ne.

Sai maganar notin nan da na cinye. Ba su ɗauruwa, kuma sababbi sai a Dahome, inda aka fara kafa shinge da 'yan kwastan, kowa na shirin zama ƙasa mai kanta. Na kai wa maƙeri kuka. Ya zo da zuga-zugi har cikin gida, ya riƙa gasa kan kowace ƙusa yana daka ta har ta baje, ta yadda ba ta komawa baya. Kafin ya fara sai da ya ce mini, "Ka sani wanga ɗauri ba ya kwantuwa. In ka so kwancewa sai dai ka sare da kurfi, ka nemo wasu." Na ce haka nake so, ba don in kwance na haɗa ba.

Motar ta tashi saura kwana goma a yi bikin mulkin kai. Na murɗa sau bakwai, a na takwas ta yi tari, ta kama. Kaji suka watse, matata ta saki tukunya. Baba ya leƙo daga zaure, ya tsaya har hayaƙin ya washe, ya ce, "Tana da murya." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni. An ce za a yi taro a Bagudo, a yanka shanu, a ɗaga sabuwar tuta. Na ƙudura da ita zan je, Baba a gaba.

Na kira gayya. Matata ta kwana biyu tana daka, aka yi fura da tuwo, mai ganga ya zo. Damina ta cika kududdufi, amma na ce a fara gwada ɗagawa a tsakar gida, in ta ɗagu sai a jira ruwa ya janye ko a yi wata dabara. Aka zura azara shida a ƙarƙashinta, mutum talatin da wani abu suka kama. Mai ganga ya buga, aka yi kabbara, aka ɗaga. Ta bar ƙasa kamar taƙi ɗaya. Sai azarar baya ta karye. Motar ta sauko a kan ƙafar maƙwabcinmu, mutumin da ɗakunansa ke jingine da gidanmu, mai 'ya'ya biyar. Ban manta ƙarar ba, ta azarar da ta ƙashin kusan tare suka zo. Maɗori ya yi iya yinsa. Maƙwabcin har ya mutu da sanda yake tafiya, kuma bai taɓa ce mini komai a kan ƙafar ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Ranar bikin ban je Bagudo ba. Na ji ganguna daga nesa ina zaune a kan taya.

Kowa ya kawo shawara. A kwance ta a haɗa a waje, sai na nuna musu ƙusoshin maƙeri. A cike kududdufi, sai su leƙa ramin su ga zurfinsa. Bangon masallaci ba mai taɓawa. Maƙwabci kuwa, na karya masa ƙafa, in koma in ce ya ba ni ɗakinsa in rushe? Saura hanya ɗaya, kowa ya san ta, ba wanda ya furta. Sai da na yi wata guda kafin na shiga zaure na durƙusa.

Ban gama buɗe baki ba ya ce, "Na san mi ya kawo ka."

Na ce zan gina masa wani zauren, da siminti, da kwano.

Ya ce, "Kai za ka gina? Ko akurki ba ka iya ba." Ya ɗaga sanda ya nuna ƙofar waje. "Wagga ƙofa ni na auna ta, ni da babana. Shi ya bi ta, innarka ta bi ta. Ka bari in bi ta, sannan ka yi abin da kaka so. Ba ni daɗewa, Direba. Ka yi haƙuri kaɗan."

Na ce Allah ya ƙara masa kwana. Ya ce amin, yana dariya ba sauti.

Daga nan zaman ya lalace. Inji in ya daɗe bai juya ba yana kamawa, don haka duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai in tashe ta. Tsakar gidan ta ba ni kamu takwas gaba, kamu takwas baya. In sa giya, in matsa har hancinta ya kusa bangon zaure, in taka birki, in koma har bakin rumbu. Masu wucewa su ɗaga murya ta kan katanga, "Direba, yau ina anka nufa, Sakkwato ko bakin rumbu?" Wani ya ce, "A ajiye mini wuri a baya, zan sauka wajen turmi." Ina jin su. Ina kuma sane cewa duk matsawar da na yi gaba, tsohon yana zaune a bayan bangon nan yana jin injin na tunkaro shi.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba. In ya yi tari a zaure, kunnena yana tashi. In ya rage tuwo, ina lura. Ban taɓa roƙon Allah ya ɗauke shi ba, ko sau ɗaya. Amma lurar nan ba irin ta ɗa ba ce. Matata ta gane kafin ni. Wata rana na karɓi kwanonsa ina duba abin da ya bari, ta ce, "Maigida, ka daina duban tsohon nan yadda kake duban taya." Na ɗaga hannu zan mare ta, sai na sauke, don ba ƙarya ta yi ba.

Haka muka ci shekara da watanni. Baba yana da ƙaba, wato gwaiwa, tun zamanin ɗaukar ƙasa, takan sauko ya mayar da hannu. Wata Talata da rani ta sauko ta ƙi komawa. Ya yi ta amai, cikinsa ya kumbura ya yi tauri. Na hau keke na ɗauko malamin asibiti daga Bagudo. Ya taɓa, ya ja ni waje, ya ce wannan sai wuƙar likita a Birnin Kabi, yau ko gobe, jibi ya yi nisa. Babbar mota ba ta shigowa sai ranar kasuwa, saura kwana huɗu. A kan jaki ko amalanke ba zai kai ba.

Na shiga gida na ɗauko diga. Baba yana kwance a zaure a kan tabarma, ya ga digar.

Ya ce, "Ka samu hanya."

Na ce, "Baba, kai zan kai asibiti."

Ya ce, "Ni za ka hitar, ko ita?"

Na buɗe baki in rantse. Rantsuwar ta tsaya mini a wuya. Ya ga ta tsaya. Liman ya sa baki, dattawa suka sa baki, aka ce rai ya fi gini, aka ce ƙin magani ba tawakkali ba ne. Baba ya juya fuska bango. Ni da mutum uku muka ɗauke shi da tabarmar, muka fita da shi ta ƙofar waje muka kwantar a inuwar masallaci. Muna wucewa ta ƙofar ya miƙa hannu ya shafi gefenta.

Samari suka hau rufin da diga suka fara sara ta tsakiya. Sai muka ji muryarsa, siririya, amma ta magini. "Kai! Ku sauko, mahaukata. In kunka huda tsakiya bakan zai rufto da ku." Aka tsaya. Yana kwance, yana nishi, ya riƙa ba da umarni. A kware yaɓen sama tukuna. A zare azarar gabas ɗaya ɗaya, a tokare ta yamma. Kada a taɓa ƙafar baka sai an sauke nauyi. In ciwon ya murɗe shi ya yi shiru, mu jira da diga a hannu, in ya lafa ya ci gaba. Ya ce a jera azarorin a gefe kada a karya, gara ba ta taɓa su ba, wani zai amfana.

Na zaci aikin rabin yini ne. Ƙasar da ya kwaɓa da makubar ɗorawa shekara arba'in baya ta koma kamar dutse, diga tana tsalle a kanta. Har rana ta faɗi rufin kawai muka sauke. Wani ya ce, "Baba, ka yi mana mugun gini." Ya ce, "Ban gina don a rushe ba." Da asuba muka koma. Sai da hantsi ya yi kafin muka buɗe bango biyu muka share hanya.

Na murɗa sau ɗaya ta tashi. Na bi da ita ta kan ɓaraguzai, ta fito titi, karo na farko. Yara suka fara ihu, manya suka tsawata musu. Muka shimfiɗa katifar ciyawa a baya, liman ya hau ya riƙe kansa, maƙwabcinmu mai sanda ya hau shi ma ba wanda ya kira shi. Da ake ɗora Baba ya ɗaga kai ya dubi inda zauren yake. Daga titi ana hango turmin matata da igiyar shanya.

Motar ba ta yi tari ko sau ɗaya ba. Ta ci yashi, ta ci kwari, ta haura gangare, ruwanta bai tafasa ba. Duk abin da na ɗaura ya riƙe. Ina tuƙi ina jin daɗin yadda take amsa giya, sai in tuna abin da ke baya, kunya ta kama ni, can kuma daɗin ya dawo. Ba mu yi rabin hanya ba liman ya buga rufin da tafin hannu. Na tsaya a ƙarƙashin wata tsamiya. Na zagayo. Liman ya riga ya rufe wa Baba ido.

Na tambayi liman ko ya bar wata magana. Ya ce salati ya yi ta yi. Maƙwabcin ya ce akwai abu ɗaya, Baba ya ce a gaya mini gefen hagu har yanzu yana ƙasa.

Muka juyo. La'asar muka iso. Aka yi masa wanka a ɗakin innata, aka ɗauko makara daga masallaci, ita dai wadda yake aikawa a ɗauko. Ina gaba a dama. Ƙafata ta saba, in an zo zaure a rage tafiya, na gaba su karkata hagu, na baya su jira, a juya. Na rage tafiya. Na bayana ya ture ni da makarar, don babu abin juyawa. Muka fito a miƙe, ta gefen Bahaguwa, ta wata kafa da makara huɗu za su jera su wuce.

Zaman makoki a kan ɓaraguzai aka yi shi, an kafa zana don kada a riƙa hango mata. Masu gaisuwa su yi addu'a su shafa, in za su tashi sai idonsu ya tafi kan motar. Wani baƙo daga Lafagu da bai san labarin ba ya ce, "Kai, amma tana da kyau. Nan anka haɗa ta?" Na ce nan aka haɗa ta.

Na yi shekara tara ina jigila da ita tsakanin Bagudo da Kamba, ta ciyar da gidana. Azarorin na ba maƙwabci ya yi rufi. Na yi niyyar sake gina zauren, har na kira magini daga Bagudo, mai siminti. Ya zaro awonsa na ƙarfe ya tambaye ni faɗin ƙofa nawa nake so, ta mutum ko ta mota. Na ce ya tafi, zan aiko masa. Ban aika ba. Zana ce a wurin har yau, duk shekara biyu ina sauya ta.